Wayarin Gida: Gobarar Da Muke Binnewa A Bango Da Hannunmu

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan ginin gidansa ranar da masu wayarin suka zo jan waya ya san yadda abin yake. Mutum ɗaya yana kan tsani yana tura waya ta bakin bututun robar da aka binne a bango, wani yana can ɗaya ɗakin ya naɗe ƙarshenta a hannu yana ja. Da farko tana tafiya sumul. Can sai ta cije. Na sama ya ce a ja, na ƙasa ya ce ta ƙi. Sai a kira lebura ya kama, a ɗaura wayar a jikin guntun katako, ƙarti biyu su tokare bango da ƙafa su fizga. Idan ta fito a yi dariya, a wuce ɗaki na gaba. Mai gida ma ya ji daɗi, tunda aiki yana sauri.

Abin da babu wanda ya gani a wannan lokacin shi ne halin da wayar ta shiga a cikin bango. Wataƙila rigar robar da ke jikinta ta kankare a wata lanƙwasa. Wataƙila ta goge 'yar'uwarta da aka riga aka ja har ta cinye mata riga. Bayan haka za a yi fenti, a sa tayil, a rataya labule, iyali su tare. Raunin yana nan a ɓoye, yana jiran ranar da za a kunna hita da dutsen guga lokaci guda a tsakiyar watan Afrilu.

Ra'ayinmu shi ne, wannan ɗan aikin da ake rainawa yana daga cikin wuraren da ake yanke hukunci a kan rayuwar mutanen da za su kwana a gidan shekaru masu yawa. Waya ba ta cijewa haka kawai. Idan ta cije, to tana shaida ne cewa an yi kuskure tun ranar da aka shimfiɗa bututu, kuma ƙarfin damtse ba ya gyara wannan kuskuren, ɓoye shi yake yi.

Me ya sa waya ke cijewa?

Amfanin bututun, wanda masu sana'ar ke kira fayif, guda biyu ne. Yana kare waya daga siminti da danshi da ɓeraye, sannan yana ba da damar zare tsohuwar waya a saka sabuwa ba tare da an fasa bango ba. Duk bututun da sai an yi kokawa kafin waya ta shiga cikinsa ya rasa amfaninsa na biyu tun ranar farko, domin abin da ya shiga da ƙyar ba zai fito ba.

A gidajenmu an fi amfani da bututu mai faɗin milimita 20 da mai milimita 25. A ido bambancin kaɗan ne, bai wuce kaurin tsinken ashana biyu ba. Amma sararin da ke cikin na 25 ya ɗara na 20 da fiye da rabi. Wannan sararin shi ne ake rowarsa, kuma shi ne ake nema ido rufe ranar jan waya.

Ƙasashen da suka daɗe da tsara wannan sana'a sun sa mata iyaka da lissafi. A Amurka ƙa'idar ita ce, idan wayoyi uku ko fiye za su bi bututu ɗaya, kada su cika fiye da kashi 40 cikin 100 na sararin cikinsa, kuma kada jimillar lanƙwasar da ke tsakanin akwati da akwati ta wuce digiri 360, wato kusurwa huɗu cikakku. A Ingila, wadda tsarin wayarin Najeriya ya samo asali daga nata, jadawalin da masu aikin ke amfani da shi yana nuna cewa bututun milimita 20, idan gajere ne kuma miƙaƙƙe, zai iya ɗaukar waya mai kaurin 2.5 har guda 10. Amma idan tsawonsa ya kai mita 10 kuma yana da lanƙwasa biyu, guda 4 kawai aka yarda a saka. Na milimita 25 a wannan yanayin zai ɗauki 8. Bututun bai canja ba, tsawo da lanƙwasa ne suka cinye fiye da rabin abin da zai iya ɗauka.

Dalilin wannan ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa ɗaure dabba. Idan aka naɗa igiya sau ɗaya ko biyu a jikin turke, yaro ƙarami zai iya riƙe bijimi, saboda gugar igiya da itace tana shanye ƙarfin. Haka lanƙwasa take yi wa waya. Kowace lanƙwasa ninka nauyin ja take yi. Idan muka ƙaddara kowacce tana ninka shi sau biyu, to lanƙwasa huɗu a jere sun mayar da shi sau 16. Duk wannan ƙarfin a kan rigar roba yake sauka, rigar da kaurinta bai kai milimita ɗaya ba a wayoyin da muke sa wa fitilu da soket. Wanda ya ga yadda igiyar guga take yi wa bakin rijiya gurbi ya san abin da guga take iya yi, balle roba a kan roba.

Zafin da ba shi da mafita

Ko da wayoyin sun shiga lafiya ba tare da ƙwarzane ba, cunkoso yana da wata illar ta daban. Duk wayar da wuta ke bi ta cikinta tana ɗumi, kuma idan wutar da ke bi ta ninka biyu, zafin yana ninka huɗu. Irin robar da ake yi wa wayoyin gida riga an yi ta ne don ta jure zafin da bai wuce digiri 70 a ma'aunin Salshiyos ba. Idan ana yawan wuce wannan, robar takan bushe ta yi tauri, daga nan ta fara tsattsagewa.

Ga misali da lissafi daga jadawalin Ingila. Waya mai kaurin 2.5, wadda aka fi sa wa soket, tana iya ɗaukar amfiya 24 a cikin bututun da ke jikin bangon bulo. Amma an yi wannan lissafin ne a kan yanayi mai zafin digiri 30, kuma layi ɗaya ne a cikin bututun. Idan zafin gari ya kai digiri 40, wanda ba labari ba ne a Sakkwato ko Maiduguri ko Kano a lokacin bazara, sai a rage kashi 13 cikin 100. Idan kuma layi uku aka cusa a bututu ɗaya suna aiki tare, sai a sake rage kashi 30 cikin 100 na abin da ya saura. Wayar da aka ce amfiya 24 ta dawo ƙasa da 15.

Hita mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9. Dutsen guga mai wat 1,500 yana jan fiye da 6. Su biyun kaɗai sun kai iyakar, ba a sa firji ba, ba a sa tukunyar lantarki ba. Birekar da ke tsaron layin kuwa, idan ta amfiya 20 ce ko 32, ba za ta motsa ba, domin a wurinta komai lafiya. Ita wutar da ke wucewa take aunawa, ba ta san zafin da ke cikin bango ba. A ƙara da cewa a unguwanni da yawa wutar kan zo da rauni, kuma injinan firji da famfon ruwa da na'urar sanyaya ɗaki sukan ƙara jan wuta idan ta yi rauni.

Hukumomin kashe gobara na jihohinmu sun sha danganta gobarar gidaje da shaguna da matsalar lantarki da kayan wuta marasa inganci. Mu kuma idan abin ya faru sai mu ce an kawo wuta da ƙarfi, mu yi wa juna jaje, mu ce ƙaddara ce. Babu mai musun ƙaddara. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma sau da yawa wutar da ta zo da ƙarfi ta tarar ne da wayar da aka riga aka raunata shekaru da suka wuce.

Hannu nawa ne a cikin laifin?

Abu ne mai sauƙi a ɗora komai a kan mai wayarin, amma gaskiya laifin na mutane da yawa ne.

Na farko mai gida. Akasarin masu gini a wurinmu da kansu suke sayen kaya. Mai wayarin ya rubuta fayif na 25, mai gida ya je kasuwa ya ji farashi, ya sayo na 20, kuma mafi sirantar da ke shagon, wanda yatsa biyu ke iya matse shi. An rubuta akwatunan haɗi goma, ya sayo shida. Mutumin da zai yi mako yana zaɓen launin tayil da ƙofar gaba, ba zai ba da minti goma ga abin da za a binne ba, tunda baƙo ba zai gani ba.

Na biyu rashin zane. Gidaje da yawa ana gina su ne babu zanen wayarin ko kaɗan. Ranar da mai aiki ya zo sai a zaga da shi ana nuni da yatsa: soket nan, fanka nan. Bayan an yi filasta sai uwargida ta tuna tana son hita a banɗaki, maigida ya tuna da na'urar sanyaya ɗaki, daga baya a zo da maganar sola da kyamarar tsaro da wayar intanet. Duk a ce a bi ta bututun da ke nan. Bututun da aka yi wa waya uku sai ya tashi da takwas.

Na uku yadda ake lanƙwasa bututun. Akwai ƙarfe mai kama da sifirin da ake zura wa cikin fayif kafin a tanƙwara shi, don kada cikinsa ya rufe. Ba shi da tsada, amma a wuraren gini da yawa abin da za ka gani shi ne an kunna takardar buhun siminti ana gasa bututu a kan wuta, a tanƙwara shi da hannu. Wurin da aka gasa yakan motse ya shafe, cikinsa ya yi kaushi. Nan ne waya za ta cije, nan ne kuma za ta kankare.

Na huɗu magina da masu zuba kankare. Ranar zuba dakin, leburori suna tattaka bututai, baro yana bi ta kansu, mahaɗar da ba a sa mata gam ba tana buɗewa ruwan siminti ya shige ya daskare. Bakin bututun da ba a toshe ba yana cika da yashi da tsakuwa. Mai wayarin da ya san aikinsa ba ya barin wurin ranar zuba kankare, amma nawa ne ake biyan su kuɗin wannan tsayuwar?

Na biyar kasuwa. Akwai wayoyin da aka rubuta musu 2.5 amma jan ƙarfen da ke ciki bai kai ba. Akwai waɗanda alminiyam ne aka shafa masa jan ƙarfe a sama, alhali alminiyam bai wuce kusan kashi 60 cikin 100 na jan ƙarfe ba wajen ɗaukar wuta, ga shi da saurin karyewa idan aka ja shi da ƙarfi. Abin takaici shi ne Najeriya tana da masana'antun waya da suka yi suna wajen inganci, irin su Cutix da ke Nnewi da Coleman da ke Jihar Ogun, amma masu jabu sukan fake da sunayen kamfanoni masu kyau su sayar da tarkace. Mai saye yana iya kankare bakin wayar da wuƙa: idan fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, to ba jan ƙarfe zalla ba ne.

Sai na ƙarshe, shi mai wayarin. Akwai ƙwararru masu amana da yawa a wannan sana'a, kuma su ne suka fi kowa takaicin abin da ke faruwa. Amma akwai waɗanda suka yi 'yan watanni suna riƙe wa maigidansu tsani suka buɗe nasu. Akwai kuma wanda ya san daidai amma yana tsoron idan ya faɗi gaskiyar kuɗin kaya za a ba wani aikin. Sai ya karɓa a yadda aka ba shi, ya cusa, ya fizga, ya karɓi kuɗinsa ya tafi.

Yadda aikin kirki yake

Ba sai mai gida ya zama injiniya ba kafin ya gane aikin kirki. Alamominsa a fili suke.

Mai aikin kirki yana ƙirga wayoyin da za su bi kowane bututu kafin ya zaɓi faɗinsa. Kowane layi waya uku ne: mai ɗauke da wuta, ta komawa, da ta ƙasa wadda ke kare mutum daga jan wuta. Wannan ta ukun ita ce aka fi jefarwa idan wuri ya yi ƙunci, kuma jefar da ita ganganci ne da rai. Yana ware wa manyan kaya irin su hita da kuka da na'urar sanyaya ɗaki nasu layin da nasu bututun, da waya mai kaurin 4 ko 6 gwargwadon nauyinsu. Ba ya haɗa wayar wuta da ta talabijin ko intanet a bututu ɗaya.

Yana sa akwati a hanya duk inda tafiya ta yi nisa ko lanƙwasa ta wuce biyu, don a ja wayar zango-zango. Yana goge bakin bututun da ya yanka don kada kaifinsa ya yanki waya. Yana toshe kowane baki kafin a yi filasta. Bayan gini ya bushe, yana fara zura wayar jagora, wadda suke kira fishin, ya tabbatar hanya a buɗe take. Wasu sukan ɗaura 'yar leda a bakin zare su zuƙo ta ɗaya ɓangaren da injin shara, sannan su ja igiya mai ƙarfi da zaren.

Ranar ja, duk wayoyin da za su bi bututu ɗaya tare ake jan su, domin wayar da aka ja daga baya a kan waɗanda ke kwance tana iya cinye musu riga. Ana jera kawunansu ɗaya gaba da ɗaya, a naɗe da tef su yi tsini, kada su taru su yi dunƙule. Ana warware su daga naɗinsu su miƙe, kada su murɗe. Mutum ɗaya yana turawa, ɗaya yana ja a hankali, suna magana da juna. Idan ana son santsi akwai man da aka yi musamman don wannan aiki, akwai kuma farar hoda. Baƙin mai da giris da wasu ke shafawa suna lalata roba a hankali, kuma illarsu ba ta bayyana sai bayan shekaru.

Idan waya ta cije, mai aikin kirki yakan tsaya. Ya dawo da ita baya ya duba rigarta, ya auna inda ta tsaya, ya gano wurin a jikin bango. Idan ta kama a fasa wurin a gyara bututun, a fasa. Fasa tafin hannu ɗaya na filasta kafin a yi fenti ba asara ba ce idan aka kwatanta da abin da ake gudu.

Bayan an gama, akwai na'urar gwada lafiyar rigar waya, wadda aka fi sani da Megger. Cikin ɗan lokaci za ta nuna ko akwai layin da wuta ke yoyo a cikinsa. A gidaje da yawa gwajin da ake yi bai wuce a kunna ƙwai a ga ya kama ba. Ƙwai kuwa zai kama ko da wayar tsirara take a cikin bango. Haka nan ya kamata akwatin rarraba wuta ya kasance da na'urar da ke yanke wuta da zarar ta fara yoyo, wadda ake kira RCD, domin tana ganin abin da bireka ba ta gani.

Maganar tsada

Mun san abin da mai gini zai ce. Siminti ya yi tsada, rodi ya yi tsada, waya kanta ta yi tsada, mutum ya yi shekaru yana tara bulo ɗaya-ɗaya, ga mai gidan haya ya ba shi wa'adi. Wannan gaskiya ce, kuma ba mu raina ta ba.

Amma a duba inda ake yin tsimin. A cikin duk kayan wayarin, bututu da akwati suna daga cikin mafi araha. Tayil ana iya ɗaga shi zuwa baɗi. Fenti ana iya jira. Silin na ado ana iya yin sa bayan an tare. Bututun da ke cikin bango da dakin sau ɗaya ake sa shi. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane, kuma babu inda maganar ta fi dacewa kamar nan. Wanda bai da kuɗin waya yanzu yana iya shimfiɗa bututai masu faɗi, har da na ajiya da babu komai a ciki sai igiya, ya ja wayar ɗaki biyu ya shiga, sauran su jira. Da yawan masu gidajen da aka gina shekaru goma da suka wuce ba su yi tunanin sola da batir ba, yau ga su suna fasa bango ko suna rataya wayoyi ta taga.

Wanda kuma ƙarfinsa bai kai ga binne bututu yadda ya kamata ba, babu abin kunya a wayarin saman bango. Waya mai riga biyu da aka ɗaure da kilif a jere, ko aka sa a cikin kwaroron roba mai murfi, ana ganin ta, tana shan iska, ana iya gyara ta. Ta fi wadda aka cusa a ƙuntataccen bututu don a ce gida na zamani ne. Abin da ya fi muni shi ne rabi-da-rabi, inda ake sa bututu a bango kawai, a watsa wayoyi masu riga ɗaya a cikin silin, a ƙarƙashin kwanon da rana ke gasawa, a kan katako busasshe, a hanyar ɓeraye.

Doka tana nan, aiki da ita ne babu

Najeriya ba ta rasa dokoki a kan wannan ba. A 2015 aka kafa hukumar NEMSA da doka, aka ɗora mata alhakin duba ayyukan lantarki da gwada su da kuma ba masu wayarin takardar shaidar ƙwarewa. A wannan shekarar ce kuma hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin samar da wuta da haɗa ta. Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin wayoyin da ake ƙerawa a gida da waɗanda ake shigowa da su. Dokar Lantarki ta 2023 ta buɗe wa jihohi ƙofar tsara harkar wuta a cikin iyakokinsu. A ƙa'ida, mai neman a haɗa wa sabon gida wuta yana buƙatar sa hannun mai wayarin da ke da lasisi.

Amma mai karatu ya tambayi kansa: a unguwarsu, gida nawa ne wani jami'i ya zo ya duba bututansa kafin a yi filasta? Mutum nawa ne suka taɓa tambayar mai wayarin takardar shaidarsa? Sa hannun da ake yi a kan takarda bayan an rufe bango ba ya ganin abin da ke ciki.

Don haka muna kira ga hukumar NEMSA da ta kusanto da rajista da jarrabawar masu wayarin zuwa ga ƙananan masu sana'a, a yi da Hausa ga wanda Hausa yake ji, a kan kuɗin da za su iya biya, sannan a wallafa sunayen masu shaida ta yadda mai gini zai iya dubawa a wayarsa. Kamfanonin rarraba wuta irin su KEDCO da na Kaduna da Jos da Yola su daina ɗaukar takardar gwaji a matsayin cike gurbi, su nemi sakamakon gwajin kafin su ɗaura mita. Hukumomin tsara birane irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna su tabbatar zanen wayarin yana cikin abin da suke dubawa a kowane gini, kuma a samu mai zuwa ya gani kafin a rufe bango. Hukumar SON ta riƙa shiga kasuwannin kayan wuta a kai a kai, ta duba bututu kamar yadda take duba waya.

Kwalejojin fasaha da asusun horar da ma'aikata na ITF da ƙungiyoyin masu wayarin su ma suna da rawar takawa. Akasarin masu wannan sana'a a wurin maigida suka koya, kuma ba za a canja hakan da rana ɗaya ba. Gajeren horo na 'yan kwanaki a kan lissafin bututu da kaurin waya da gwaji zai gyara abubuwa da yawa, musamman idan iyayen gidan sana'ar aka fara kamawa, tunda abin da suka yi shi yaransu za su yi.

Ga mai gini

Kafin hukuma ta iso, mai gida shi ne jami'in duba gininsa. Ya zauna da iyalinsa a lissafa duk abin da za a kunna a kowane ɗaki, na yau da na gobe, kafin a sara bango. Ya tambayi mai wayarin waya nawa za ta bi kowane bututu, kuma me ya sa ya zaɓi wannan faɗin. Mai aikin da ya san abin da yake yi zai ji daɗin tambayar. Ya sayi abin da aka rubuta masa, a shagon da zai iya komawa. Ya tabbatar bututai sun tafi a miƙe, sama ko gefe daga soket da makunni, ba a karkace ba, don wanda zai buga ƙusa gobe ya san inda zai kauce wa. Ya ɗauki hoton kowane bango da wayarsa kafin a yi filasta, ya adana. Ya biya mai wayarin kuɗin tsayawa ranar zuba kankare. Ya riƙe wani kaso na kuɗin aiki sai an yi gwaji a gabansa.

Ga masu wayarin kuma, wannan aiki amana ce. Mai gida ba ya ganin abin da kuka bari a bango, yaran da za su kwana a ɗakin ba su ma san da ku ba. Idan aka kawo muku kayan da ba za su yi ba, ku faɗa. Idan aka nace, barin aikin ya fi alheri.

Ranar da aka zo jan waya a gidanka, ka tsaya ka gani. Idan mutum ɗaya yana ja da hannu ɗaya tana biyo shi, an yi maka aiki. Idan ka ga an ɗauko katako ana kiran lebura ya kama, ka ce a dakata.